Yadda Ake Ƙidayar Abin da Ba Ya Ƙirguwa: Sharhi kan Ɗaukar Samfurin Halittu a Muhallinsu

Duk lokacin da aka ji rahoto yana cewa giwaye sun ragu da kashi kaza, ko kifin wani teku ya kusa ƙarewa, ko ƙwarin wani yanki sun yi ƙaranci, akwai tambayar da ya kamata mai karatu ya fara yi kafin ya shiga damuwa ko ya yi gardama, wato wa ya ƙirga, kuma ta wace hanya. Babu wanda ya taɓa jera kifayen teku ya bi su ɗaya bayan ɗaya, babu kuma wanda zai iya tsayar da tururuwar daji guda har ya gama lissafinta. Kusan kowane adadi da masana ke faɗa game da yawan halittu ƙiyasi ne da aka gina a kan ɗan abin da aka ɗiba, wanda ake kira samfuri, kuma ingancin adadin ba ya wuce ingancin yadda aka ɗebi samfurin.

Idan likita zai gwada jinin mutum, ɗan abin da bai cika cokali ba ya ishe shi, domin jini a gauraye yake, abin da ke hannun dama shi ne a hagu. Daji da tafki da fadama ba haka suke ba. Tsiro yana cunkushewa inda akwai laima ya ƙaurace wa tudu, kifi yana taruwa a zurfi ɗaya ya bar wani, tsuntsun da ke cika wuri da asuba ana iya rasa shi da tsakar rana. Wahalar wannan fage gaba ɗaya daga nan ta taso: ana son a yi hukunci a kan wurin da ba a gauraye yake ba, alhali ɗan yankinsa kaɗai za a iya dubawa.

Shi wannan ilimi, wanda ke nazarin alaƙar halittu da junansu da kuma muhallinsu, sunansa ikoloji, kuma masanin Jamus Ernst Haeckel ne ya raɗa masa sunan a 1866, daga kalmar Girkanci mai ma'anar gida. Yana kallon rayuwa hawa-hawa. Akwai halitta guda, sai taron 'yan nau'i ɗaya da ke zaune a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, sai al'ummar nau'o'i daban-daban da ke cuɗanya a wurin. Idan aka haɗa al'ummar nan da abubuwa marasa rai da take dogaro da su, kamar hasken rana da zafi da ruwa da iska da tsami ko gishirin ƙasa, an sami abin da masanin tsirrai na Ingila Arthur Tansley ya fito da shi a 1935 a matsayin tsari guda, wanda za mu kira tsarin muhalli. Amfanin wannan rabe-rabe ga mai ɗaukar samfuri a fili yake, domin kafin ya taka ƙafarsa cikin daji dole ya san a wane hawa tambayarsa take. Wanda ke son sanin yawan nau'i ɗaya da wanda ke son sanin nau'o'i nawa ne a wuri ba aiki ɗaya za su yi ba, kuma dukansu sai sun fara shata iyakar wurin da suke magana a kansa, in ba haka ba adadin da za su samo ba shi da abin da yake nufi.

Kowane nau'i yana da mazauni, yana kuma da gurbi. Mazauni shi ne inda ake samunsa, gurbi kuwa shi ne yadda yake rayuwa a wurin: abin da yake ci, abin da ke cin sa, lokacin da yake fita, da irin zafi ko sanyin da yake iya jurewa. A 1966 Robert Paine ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi a gaɓar tekun jihar Washington ta Amurka, inda ya riƙa cire wani nau'in tauraron teku, wata dabbar ruwa mai siffar tauraro, daga kan duwatsu yana barin wani sashe yadda yake domin kwatantawa. A inda aka cire shi, wasu halittu masu ɓawo da yake ci suka mamaye dutsen, nau'o'in da ke wurin suka faɗo daga 15 zuwa 8. Abin da nake so a lura da shi a wannan gwaji shi ne, da Paine bai san abin da ke kan dutsen tun farko ba, kuma bai bar sashen da bai taɓa ba, da babu yadda za a yi ya danganta sauyin ga cire halittar nan guda.

Sai batun abinci, wanda ya fi shafar ƙidaya fiye da yadda ake zato. Tsirrai ne ke haɗa abinci da hasken rana, masu cin ganye su ci tsirrai, masu cin nama su ci masu cin ganye, sannan bakteriya da fumfuna su ruɓar da abin da ya mutu ya koma ƙasa. Charles Elton ya nuna a 1927 cewa yawan dabbobi yana raguwa ne yayin da ake hawa wannan sarƙa, Raymond Lindeman kuma, a aikinsa na 1942 a kan wani ƙaramin tafki a jihar Minnesota ta Amurka, ya bayyana dalilin ta fuskar makamashi: mafi yawan abin da halitta ta ci yana ƙonewa wajen numfashi da motsi, ko ya fita a matsayin kashi, ɗan kaɗan ne ke zama jikin da na sama zai ci. An saba ƙiyasta abin da ke haurawa da kusan kashi 10 cikin 100, ko da yake yana bambanta daga wuri zuwa wuri. Saboda haka murabba'in mita ɗaya ya isa a fara ƙirga ciyawa, amma wanda ke neman manyan masu farauta sai ya ratsa ƙasa mai faɗin gaske kafin ya ci karo da ko da sawunsu.

Ga abin da ba ya motsi, ko wanda motsinsa bai taka kara ya karya ba, kayan aikin da aka fi sani shi ne kwadirat, wato firam mai kusurwa huɗu na katako ko ƙarfe ko roba, galibi mita ɗaya a tsawo da faɗi, ko rabin mita. Roscoe Pound da Frederic Clements sun yi amfani da wannan dabara a filayen ciyawar jihar Nebraska ta Amurka tun a 1898. A ce ana son sanin yawan wani tsiro a filin da tsawonsa mita 100 ne, faɗinsa 50, wato murabba'in mita 5,000. Sai a ajiye firam mai murabba'in mita ɗaya a wurare 20, a durƙusa, a buɗa ganye da yatsa a bi kowane kara har tushensa, domin abin da ido ya ɗauka tsiro uku ne sau da yawa tushe ɗaya ne ya yi rassa. Wanda ya faɗo a kan bakin firam kuma sai an yanke masa hukunci tun kafin a fara, misali a ƙirga duk wanda ya taɓa gefen arewa da na gabas, a bar wanda ya taɓa na kudu da na yamma. Idan jimillar ta kama 140, an sami 7 ke nan a kowane murabba'in mita, ƙiyasin filin kuma 35,000. Inda tsiron ya yi shimfiɗa har ba a gane inda ɗaya ya ƙare wani ya fara, sai a bar ƙirga a koma auna kashi nawa cikin 100 na firam ɗin ya rufe, ko a lissafa a firam nawa cikin 20 aka same shi.

Lissafin nan ba shi da wuya. Abin da ke da wuya shi ne inda za a ajiye firam ɗin, kuma a nan ne, a ganina, aiki ke gyaruwa ko ya lalace. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a wannan fage ido yana da son zuciya wanda mai shi bai ma san da shi ba. Ƙafa tana guje wa ƙaya da taɓo, ido yana karkata ga wurin da ya yi kore shar ko ya yi fure, hannu kuma yana bin ido. Har jefa firam ta bayan kafaɗa, da wasu ke yi da niyyar kauce wa zaɓe, bai raba mutum da matsalar ba, tunda shi ya zaɓi inda ya tsaya da inda ya juya. Hanyar da ta inganta ita ce a shimfiɗa igiyoyin awo biyu a gefuna biyu na filin, a fitar da lambobi bibbiyu ta hanyar ƙuri'a ko da na'urar lissafi, a je daidai inda lambobin suka haɗu a ajiye firam, ko da wurin ya faɗa kan ƙasa tsirara. Firam ɗin da aka tarar babu komai a cikinsa shi ma sakamako ne, kuma wanda ya ɗaga shi ya matsa gaba don ya sami abin rubutawa ya riga ya kumbura adadinsa.

Game da yawan firam ɗin da ya isa kuwa, ana iya lissafa matsakaici bayan kowane sabon firam, a ci gaba har sai matsakaicin ya daina hawa da sauka sosai. Tsiron da ya bazu daidai wa daida yana saurin nutsuwa, wanda yake zaune tsibi-tsibi yana buƙatar samfuri mai yawa. Akwai kuma ƙa'idar lissafi da ba ta da sassauci: wanda ke son rage tazarar kuskurensa da rabi sai ya ninka samfurinsa sau huɗu. Idan filin da kansa kashi biyu ne a bayyane, kwari da tudu, ya fi kyau a raba firam ɗin gwargwadon faɗin kowanne, sannan a yi ƙuri'a a cikin kowane kashi.

Wani lokaci tambayar ba ta yawa ba ce, ta sauyi ce: yadda tsirrai ke canzawa daga bakin ruwa zuwa tudu, ko daga inuwar kurmi zuwa sarari. A nan sai a ja igiya ta ratsa wurin, a rubuta abin da ya taɓa ta, ko a riƙa ajiye firam a kowace mita biyar, ana auna laimar ƙasa da haske da tsami tare da ƙidayar. Amma samun tsiro ya yawaita inda laima ta yawaita bai tabbatar da cewa laimar ce dalili ba, domin ana iya samun wani abu na uku da ke tafiya tare da ita.

Dabbobi ba sa jiran firam, don haka ake bin kowane da tarkon da ya dace da ɗabi'arsa. Masu rarrafe a ƙasa ana binne musu kofi bakinsa daidai da doron ƙasa, a ɗora masa murfi a kan 'yan duwatsu don kada ruwan sama ya cika shi, a dawo da sassafe. Wanda ya taɓa ɗaga murfin zai tarar da gizo-gizo da buzuzu da cinnaka suna zagaya gindin kofin, idan kuma ya makara zai tarar manyan sun cinye ƙananan, ƙidayar ta gurɓace kafin a fara ta. Na cikin ciyawa ana sharo su da raga mai mariƙi, na kan rassa a shimfiɗa farin ƙyalle a kaɗa reshen, na dare a kunna musu fitila, na cikin ruɓaɓɓen ganye a zuba ganyen a mazurari a ɗora fitila a sama, zafi da bushewa su koro su ƙasa su faɗa kwalba. Kowane tarko yana da wanda yake so. Kofin da aka binne ya fi kama mai yawan yawo fiye da mai yawan zama, saboda haka abin da yake aunawa haɗin yawa ne da zirga-zirga, kuma bai dace a kwatanta abin da ya kama a daren zafi da na daren sanyi kamar abu ɗaya ba.

Dabarar da ta fi burge ni a wannan fage ita ce ta kamawa a yi alama a saki, sannan a sake kamawa. Masanin kifi na Denmak, Johannes Petersen, yana yi wa kifi alama tun a shekarun 1890, Frederick Lincoln kuma a 1930 ya yi amfani da zobban da ake sa wa tsuntsayen ruwa a ƙafa wajen ƙiyasta yawansu a Arewacin Amurka, shi ya sa ake haɗa sunayensu a kan hanyar. A ce an kama katantanwa 60, an ɗiga wa kowace ɗan fenti a ƙasan ɓawonta, an mayar da su inda aka ɗauko su. Bayan kwana biyu aka sake kama 50, aka sami 15 da alama. Tunda kashi 30 cikin 100 na kamun biyu ne ke da alama, ana ɗauka 60 ɗin farko su ne kashi 30 cikin 100 na dukan taron, wato 200 ke nan. A taƙaice, a ninka kamun farko da na biyu, a raba da adadin masu alama.

Amma wannan 200 tana tsaye ne a kan sharuɗɗa, kuma kowanne yana iya karyewa ba tare da ya yi ƙara ba. Dole masu alama su gauraya da sauran, dole alamar ta zauna, kada a sami haihuwa ko mutuwa ko ƙaura mai yawa tsakanin kamun biyu, kuma dole damar kama kowace dabba ta zama ɗaya. Idan fentin ya yi ƙyalli har tsuntsaye suka tsince masu alama, aka sami 10 maimakon 15, lissafi zai ba da 300, wato aikin da ya rage su shi ne zai nuna sun ƙaru. Idan kuma ƙananan dabbobi ne irin ɓeraye da suka gane akwai abinci a tarko suka riƙa komawa, aka sami 25, lissafi zai faɗo zuwa 120. Taron dai bai canza ba, halin dabbar ne ya juya adadin. Wannan ne ya sa aikin Ullas Karanth a dajin Nagarahole na Indiya a shekarun 1990 ya zama abin koyi, domin ya girka kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu, ya bambance kowace damisar Asiya mai ratsi-ratsi (tiger) da zanen jikinta, wanda babu biyu da ke da iri ɗaya, ya yi lissafin sake kamawa ba tare da an taɓa dabbar ba.

Manyan dabbobin sarari ana ƙirga su daga jirgin sama, ana bin layuka masu tazara ɗaya, ana lissafa waɗanda suka faɗo cikin faɗin da aka shata. Da haka babbar ƙidayar giwayen Afirka da aka bayyana sakamakonta a 2016 ta ƙiyasta giwayen sarari 352,271 a ƙasashe 18. Giwayen kurmi ba sa ganuwa daga sama, sai a bi ƙasa ana ƙirga tarin kashinsu.

Mafi tsadar kuskure shi ne ɗaukar sauƙin kamu a matsayin yawa. A tekun Newfoundland na Kanada, manyan jiragen kamun kifi sun ci gaba da cika ragarsu da kifin kwad a lokacin da kifin ke ƙarewa, saboda ragowar suna taruwa wuri guda, na'urorin gano kifi kuma suna kai jiragen daidai inda taron yake. Alƙaluman kamun na cikin abin da aka dogara da shi wajen ƙiyasi, ƙiyasin ya zarce gaskiya, aka ci gaba da ba da izinin kamu fiye da ƙima, har gwamnati ta rufe kamun a Yulin 1992, dubun-dubatar mutane suka rasa sana'arsu. Masunci aikinsa ne ya je inda kifi yake, don haka abin da ya kamo ba samfurin ƙuri'a ba ne.

Yawan nau'o'i ma yana da nasa tarkon. Kurmi biyu, kowanne da bishiya 100 da nau'i 4, ba lallai su zama ɗaya ba. Idan na farko yana da 25 daga kowane nau'i, na biyu kuma 97 nau'i ɗaya ne sauran uku ɗai-ɗai, to damar a zaɓi bishiya biyu da ƙuri'a su zama nau'i ɗaya kusan kashi 25 ce cikin 100 a na farko, kusan 94 a na biyu. Wannan shi ne tushen ma'aunin da Edward Simpson ya gabatar a 1949. Nau'o'in da ba su da yawa su ne samfuri ya fi tsallakewa, shi ya sa ba a kwatanta jerin nau'o'in wurare biyu sai an tabbatar ƙoƙarin nema ɗaya aka yi musu. Sabuwar hanyar tace ruwa a nemi ɓurɓushin DNA, wato sinadarin gado na jiki, da halittu ke zubarwa ta taimaka a nan, tun bayan da masu bincike a Faransa suka nuna a 2008 cewa ana iya gano wani nau'in kwaɗo a kududdufi daga ruwan kaɗai, sai dai ta fi ƙarfi wajen faɗin cewa nau'in yana nan fiye da faɗin nawa ne.

Ƙidaya ɗaya hoton rana ɗaya ce. Ana gane raguwa ko ƙaruwa ne idan aka maimaita hanya ɗaya shekara bayan shekara ba tare da an sauya ta ba. Masu nazarin ƙwari na birnin Krefeld a Jamus sun riƙa kafa tarko iri ɗaya, suna auna nauyin abin da ya kama ta hanya ɗaya, daga 1989 zuwa 2016, a wurare 63 da ake karewa, kuma binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100. Binciken bai tantance dalili ba, amma daidaiton hanyar ya sa da wuya a yi watsi da shi. A tsibirin Barro Colorado na Panama akwai fili mai hekta 50 da aka kafa a 1980, inda ake auna duk itacen da kaurinsa ya kai santimita ɗaya, a sa masa lamba, a dawo masa kusan duk shekara biyar. Wanda ya fi su daɗewa shi ne filin ciyawar Rothamsted a Ingila, wanda John Lawes da Henry Gilbert suka fara gwajin taki a kansa a 1856 kuma har yau ake yankansa ana aunawa. Sun riƙa busar da samfurin ciyawar suna adanawa da kwanan wata a jikinsa, magadansu suka ci gaba, kuma daga cikin wannan ajiya ne masu bincike na baya suka auna ɓurɓushin gwaje-gwajen makaman nukiliya da ya sauka a kan ciyawar a shekarun 1950 da 1960.